Aron Talauci

Ranar da jami'ar gwamnati ta fitar da sunayen 'ya'yan talakawa arba'in da za ta koyar kyauta, Ƙarama ta ga sunanta a layi na uku. Ta karanta shi sau huɗu a wayar maƙwabciya, sannan ta kwasa a guje zuwa gida, silifa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Ta tarar da Inna tsugune gaban dutsen guga tana hura gawayi. Ta faɗa mata. Inna ba ta ɗago ba, sai ma ta ƙara ƙarfin hurawa.

"Baffanki na nemanki a falo," in ji ta.

Baffa yayan marigayi babanta ne, mai shagon kayan gini. Nasa ne benen gaba, nasa ne kuma ɗakin baya da ke jikin tankin ruwa, inda ya ajiye matar ƙanensa da 'yarta saboda zumunci. Kalmar nan zumunci yakan furta ta da nishi, kamar wanda ya ɗauko buhun siminti yana so a gani. Yana da 'ya sa'ar Ƙarama. Sunan kakarsu mace aka sa wa dukansu biyu, a takarda kuma sunan kakansu namiji ne a ƙarshen na kowacce, shi ya sa a gida ake raba su da Babba da Ƙarama. Wata huɗu ne tsakaninsu.

"Zauna, 'yata. A kujera, ba a ƙasa ba."

Tun daga nan ta san akwai magana. Shekara tara tana shiga falon nan, ba a taɓa nuna mata kujera ba sai dai don ta goge.

"Gidan nan ya ci jarrabawa," Baffa ya ce. "Ki lura da maganata, ban ce ke ba, na ce gidan nan. Yayarki sau uku tana zaunawa, sau uku suna kayar da ita, don 'yan hassada ne ke duba takardun. Ga shekaru sun ja mata."

"Wata huɗu ta ba ni, Baffa."

"To ba ga shi ba? Ke yarinya ce. Aro za ki ba ta, na shekara ɗaya tak. Baɗi ki sake zaunawa. Ke da ko daga barci aka tashe ki za ki ci."

"Amma ai hotona ne a takardar."

Baffa ya yi murmushin wanda ya gama rufin gidansa tun kafin hadari ya taso. Shi ne ya cika mata fom a kwamfutar shagonsa. Shi ne kuma ke riƙe da takardar haihuwarta da ta sakamakonta a kabad ɗin ƙarfe, kada ɓera ya ci. Hoton da ya tura wa jami'a tun wata biyar da suka wuce na Babba ne. Ashe ba shawara aka kira ta ba, sanarwa ce.

Kada a ɗauka Baffa ba zai iya biya wa 'yarsa makaranta ba. Zai iya. Sai dai ko makarantar kuɗi sai da sakamako ake shiga, kuma Baffa mutum ne da ba ya ganin abin kyauta a ƙasa ya tsallake.

Bayan kwana biyu Mami, matar Baffa, ta taka zuwa ɗakin baya, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana fifita da gefen mayafi.

"Ina rigar nan taki mai ruwan toka, wadda wuyanta ya koɗe? Ki haɗo da silifan."

"Me za a yi da su, Mami?"

"Ke dai akwai tambaya. Da leshi za ta je ganawa da kwamiti? Ki yi tunani mana, ba an ce kina da kai ba?"

Ita Babba ba muguwa ba ce. Mugunta na buƙatar ƙoƙari, ita kuwa ba ta taɓa wahalar da kanta a kan komai ba. Ta zo ta zauna a bakin katifar Ƙarama da littafi da biro.

"Takwara, don Allah ki taimaka. In suka ce yaya yunwa take, me zan ce? Ciwo take ko ƙugi?"

"Da fari ƙugi. Daga baya sai cikin ya yi shiru."

"Kai! Wannan ta yi daɗi. Tsaya in rubuta."

Da takardar neman gurbin, an buƙaci kowa ya rubuta labarin rayuwarsa. Ƙarama ta cika shafi uku. Ta faɗi yadda ta koyi karatu da tsofaffin jaridun da ake naɗo kayan wanki a ciki, da yadda dutsen guga ya zame mata tana shekara takwas ya bar mata tabo a wuyan hannun hagu. Babba ta haddace shafukan nan cikin mako guda, aikin da ya fi duk wanda ta taɓa yi a makaranta. Da ta tambaya tabon fa, Mami ta ce ai rigar mai dogon hannu ce, kuma mutanen kirki ba sa cewa a nuna musu tabo.

Gaskiyar Mami, ba su ce ba. An ma ce wata a cikin kwamitin ta share hawaye.

Saura ziyarar gida, don jami'a ba ta yarda da talauci sai ta gani da idonta. Ba a sha wahalar shirya ɗakin ba, a shirye yake tun shekara tara. Tsohuwar rediyo kaɗai Mami ta ɗauke, kada a ce suna da hali. Aka shigo da baƙin ta ƙofar lungu don kada su ga bene: wani dattijo, da wata malama mai tabarau da fayil a hammata. Baffa ya gabatar da kansa a matsayin mai gidan da ya tausaya ya ba su wurin kwana. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Babba na zaune a tabarma cikin riga mai ruwan toka, kai a sunkuye. Malamar ta dubi rufin da ke yoyo, ta dubi tarin kayan mutane, ta rubuta. Ta dubi Inna.

"'Yarki ce?"

"'Yata ce."

"Ki yi alfahari da ita. Dangwala mana yatsa a nan, shaida ce cewa duk abin da aka faɗa gaskiya ne."

Inna ta dangwala. A daidai lokacin Ƙarama ta shigo da ruwa a kofi biyu.

"Wannan fa?" in ji malamar.

Inna ta dubi yatsanta mai tawada. Ta daɗe tana dubansa.

"Mai taya ni aiki ce."

Ƙarama ta ajiye kofunan a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Ta koma bayan tanki ta tsaya, hannu a baki, har ta ji ƙarar motarsu ta yi nisa.

"Kada ki kalle ni haka," Inna ta ce da ta dawo ɗakin. "In ya ce mu tashi, ina za mu? Faɗa mini ina, yanzu in ɗauki dutsen gugata in bi ki. Shekara ɗaya ce. Wa ya taɓa mutuwa don shekara ɗaya?"

Karatu ya fara. Kullum da safe direban Baffa na sauke Babba a wata kwana nesa da ƙofar jami'a, ta cire takalminta ta sa silifa, ta ƙarasa a ƙafa kamar yadda ya dace da matsayinta. Da la'asar ta dawo ta zube wa Ƙarama takardun lacca a kan teburin guga.

"Takwara, jinga ce, aikin gida, shafi biyar, jibi za a karɓa. Wallahi malamin nan ba shi da imani."

Ƙarama ta so ta ƙi. Amma takardun na nan a gabanta, da ƙamshin sabon bugu, kuma ba ta taɓa iya ganin rubutu ta kawar da kai ba. Takan jingina su da bango tana guga tana karantawa, ta juya shafi da hannun hagu. A haka ta yi zango biyu na jami'a ba tare da ta taɓa ganin cikin aji ba. Wata rana jinga ta dawo da rubutun malami da jan biro: "Tunani mai zurfi. Me ya sa ba kya magana a aji?" Babba ta yi dariya har da riƙe ciki. Ƙarama ta yanke wurin da almakashi ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, duk da ba ta san amfanin da zai yi mata ba. A zauren jarrabawa Babba da ƙyar take haurawa, makin jinga ke jan ta kamar yadda ake jan mota mai mataccen inji.

Shekara ta zagayo. Ƙarama ta tsaya a ƙofar falo sau uku. Na farko Baffa na waya. Na biyu kansa na ciwo. Na uku ya ce makullin kabad ɗin na shago. Ba ta jira na huɗu ba, ta tafi ofishin rajistar jarrabawa da lambar takardar haihuwarta da ta haddace tun tuni.

Akawun ya buga lambar, ya dubi allon kwamfuta, ya dube ta.

"Mai wannan lambar ɗalibar jami'a ce, tana shekarar farko. Ba a yi wa ɗalibi rajista sau biyu."

"Ni ce mai lambar."

"To, ki koma aji mana. Na gaba!"

Da ta kai wa Baffa labari bai ko ajiye cokali ba.

"Wannan ai ba matsala ba ce. Ga takardun yayarki nan a kabad, ba mai amfani da su. Ɗauki. Suna ɗaya ne, jini ɗaya ne. Mu a gidan nan ba ma rarrabewa."

Ta ɗauka, don wanda ruwa ke ci ba ya zaɓen abin kamawa. Ta koma ofishin rajistar, akawun nan dai ya sake bugawa. Mai waɗannan takardun, in ji shi, ta zauna sau uku, kuma doka sau uku ta yarda. Ko da ma an bar ta ta zauna, gurbin 'ya'yan talakawa ba na irinta ba ne.

"Ga shi nan a rubuce, babanki babban ɗan kasuwa ne. Ku masu hali ku riƙa barin wa marasa shi wani abu mana. Ba kwa jin kunya?"

Ta fito ta zauna a kan dakalin ofishin. A takarda ta zama 'yar mai kuɗi wadda ta faɗi sau uku. A aljihu ko na mota ba ta da shi. Ta taka har gida.

"Ka ce shekara ɗaya, Baffa."

"Na ce. Ni na yi dokar sau uku? Ki yi haƙuri yayarki ta gama, saura shekara uku kacal. In ta sami aiki, wa zai ci moriya in ba ku ba? Kuma wai tsaya, karatun ba kina yi ba? Duk takardar da ta shigo gidan nan ta hannunki take bi. Ke kin sami ilimi, ita ta sami takarda. Wa aka cuta?"

Mami ta leƙo daga kicin. "Shekara goma kuna shan ruwan tankinmu, ba mu taɓa cewa aro ba ne. Yaran yanzu ba godiya."

Ƙarama ta daina cin abincin kirki. Ta ƙona rigar wani malamin asibiti, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama. Inna ta riƙa bin ta da ido. Ranar wata Laraba ta kai kayan guga unguwar da ke kusa da jami'a, ƙafarta ta ja ta zuwa ƙofar. A nan ta ga allon.

Ƙaton allo ne, tsayin mutum uku. Babba ce a jiki, cikin riga mai ruwan toka, rungume da littattafai, tana kallon sama kamar mai hango gobe. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: DAGA ƊAKIN GUGA ZUWA JAMI'A. Ƙarƙashinsa kuma ga jimla ɗaya daga shafi ukun nan da ta rubuta a kan tabarma, da sunanta a ƙarshe.

Ba ta san lokacin da ta wuce masu gadi ba. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata ofishin shirin. Malama mai fayil ce a ciki.

"Na san fuskar nan. Ba ke ce mai taya babar ɗalibarmu aiki ba?"

"Ni ce 'yarta. Ni ce ɗalibar."

Ta faɗi komai a tsaye. Malamar ta saurara, ta tashi ta rufe ƙofa. Ta turo wata 'yar na'ura.

"Sa babban yatsanki."

Ta sa. Na'urar ta yi ja. Ranar rajista yatsan Babba aka ɗauka.

"Na'ura ta ce ba ke ba ce."

Ƙarama ta naɗe hannun rigarta ta miƙa wuyan hannun hagu a kan tebur. Tabon na nan, mai siffar hancin dutsen guga, ya yi fari-fari da tsufa.

"Shafi na biyu, layi na shida," in ji ta. "Ki ce ita ma ta nuna miki nata."

Malamar ta kalli tabon. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Na yarda da ke. Amma bari in faɗa miki yadda abin yake, don kada ki ce ban faɗa ba. In kin shigar da ƙara, za a kori waccan ɗalibar daga jami'a. Gurbin ba zai dawo gare ki ba, soke shi za a yi, tare da sakamakon da aka yi maguɗin da shi. Sannan akwai wadda ta dangwala yatsa a gabana ta ce 'yarta ce. Shaidar zur ce, kotu za ta neme ta."

"Baffa fa?"

"Sunansa ba ya ko'ina a fayil ɗin nan. Mai gida ne mai tausayi." Ta dafa fayil ɗin. "Kuma ki duba, mako mai zuwa masu ba da tallafi za su zo taro. Yara talatin da tara na gaskiya suna cin wannan shirin. In abin kunya ya fito yanzu, ban san me zai same su ba. Ban hana ki ba. Haƙƙinki ne." Ta jawo aljihun tebur. "Ga fom. Ki je ki yi tunani."

Ƙarama ta fito da fom a hannu ta bi ta ƙarƙashin allon. Ɗalibai na wucewa da jakunkuna, wasu biyu na gardama a kan wata tambaya da ta san amsarta. Ta buɗe baki, ta rufe.

A gida ta shimfiɗa fom ɗin a kan teburin guga ta karanta wa Inna, har inda aka ambaci kotu. Inna ta saurara har ƙarshe. Ba ta roƙe ta ba. Da ta roƙa da ya fi sauƙi.

"Cika," in ji ta. "Ni na ce ke mai taya ni aiki ce. Bakina ne ya faɗa, ba wanda ya matse shi. In ɗauri ne, na ci."

Ta juya ta ci gaba da ninke kayan mutane, tana ninke riga ɗaya tana warwarewa tana sake ninkewa. Ƙarama ta dubi bayanta da ya ranƙwafa, da yatsun da sabulu ya cinye. Kwana shida fom ɗin na ƙarƙashin katifa, kusa da rubutun jan biro.

Safiyar taron, Mami ta zo da riga mai ruwan toka a hannu.

"Yayarki ce za ta yi jawabi gaban manyan baƙi, ita aka zaɓa a cikin arba'in. A goge wannan. Amma kada a goge da kyau sosai, kun gane ai."

Ta tafi. Gawayin ya jiƙe, ya ƙi kamawa. Ƙarama ta hura, ta hura, hayaƙi kawai. Ta ɗaga katifa ta ɗauko fom ɗin, ta murɗe shi, ta ƙyasta ashana. Takardar gwamnati ce mai kauri, ta ci da kyau. Inna na gani, ta kawar da kai.

Da dutsen ya yi zafi, Ƙarama ta shimfiɗa rigar, rigarta, wadda ta sa ranar da ta zauna jarrabawar. Ta ɗora dutsen a tsakiyar ƙirji ta ɗauke hannunta. Ta tsaya tana kallo. Ƙauri ya tashi. Ta bar shi. Sai da hayaƙi ya fara fita ta gefe ta ɗaga. Ga shatar dutsen nan baƙa ƙirin, da huda a tsakiya.

Ta ɗauki rigar da kanta ta kai falo, ta ɗaga ta da hannu biyu a gabansu. A shirye take da zagi, da mari, da kora ma. So take yau dai a yi ta, wani a gidan nan ya ji zafin wani abu.

Babba ta dafe ƙirji. "Wayyo, takwara, me zan sa?"

Mami ta karɓi rigar, ta ɗaga ta wajen hasken taga, ta karkata kai. Ta zura yatsa a hudar.

"Tsaya tukuna," in ji ta. "Alhaji, dubi nan. 'Yar mai guga, da ƙunar guga a rigarta. Wallahi haka ma ya fi. A sa mata 'yar shimi a ciki shi ke nan."

Baffa ya duba, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa.

"Ban faɗa muku yarinyar nan na da kai ba? Allah ya yi miki albarka, 'yata. Je ki kawo mata silifanki."

An ce jawabin ya yi kyau. An ce da Babba ta nuna ƙunar, baƙi sun miƙe tsaye suna tafi, kuma a wurin aka ƙara wa shirin gurbi goma saboda 'ya'yan talakawa. Ƙarama ba ta je ba, ba ta da takalmin fita. Da la'asar aka aiko mata da jinga, shafi bakwai, a kan hanyoyin fitar da iyali daga talauci. Jibi za a karɓa.